An yanke mana gas don gyaran bututu, yau kwana uku ba a dawo da shi ba: wa zan kama?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Ingila ce ta aiko da tambayar. Ga ta a taƙaice: "Gidan haya muke, ni da maigidana da yara biyu, ƙaramin shekararsa biyu. Ranar Alhamis aka jefo mana takarda cewa Litinin za a yanke gas don sauya bututun layinmu. An yanke da safe, aka ce da yamma zai dawo. Da yamma ma'aikacin ya shigo ya yi gwaji, ya ce akwai yoyo a cikin gidan, ya toshe bututun, ya liƙa takardar gargaɗi ya tafi. Yau kwana uku ba girki, ba ruwan zafi, ba ɗumi, ga shi watan Janairu. Mai gidan hayar ya ce waɗanda suka ɓata su gyara. Kamfanin da muke biya kuɗin gas ya ce ba ruwansa. Sun kuma fasa dandamalin ƙofar gida sun bar shi haka. Wa zan kama, kuma akwai diyya?"

Malama, sannu da haƙuri, Allah ya raya yaran. Kwana uku a sanyin Janairu da yaro ɗan shekara biyu ba abin wasa ba ne. Na daɗe ina aikin gas a gidajen mutane a ƙasar nan, kuma na sha tarar da irin wannan jifa da juna, inda kowa ke nuna wa mazaunin gida ƙofar wani. Maganar duk tana warwarewa ne da tambaya ɗaya: a daidai ina gas ɗin ya tsaya?

Ki buɗe akwatin mita. Kafin mitar za ki ga wani hannu na ƙarfe a jikin bututu, wanda in yana miƙe tare da bututun gas na shiga, in aka karkatar da shi ya gitta sai gas ya tsaya. Wannan makunnin shi ne iyaka. Daga ƙarƙashin titi har zuwa gare shi, da shi kansa, na kamfanin bututu ne. Mitar tana wuyan kamfanin da ke sayar muku da gas. Duk abin da ya fito daga mitar ya shiga cikin gida, wato bututun da ke bin bango da ƙarƙashin daɓe, da boila mai ɗumama ruwa da ɗakuna, da murhu, na mai gidan ne. Saboda haka kamfanin da kike biya bai yi miki ƙarya ba, ko da ya faɗa da gatse. Shi ɗan kasuwa ne, sayarwa yake yi yana turo bil. Kiransa a kan ramin da aka haƙa a titi barin jaki ne ana dukan taiki.

Kamfanonin bututu manya guda huɗu ne a Birtaniya. Cadent ke da arewa maso yammacin Ingila, da tsakiya, da gabas, da arewacin Landan. SGN ke da Sikotland da kudancin Ingila. Northern Gas Networks ke da arewa maso gabas da mafi yawan Yokshaya. Wales & West Utilities ke da Wels da kudu maso yamma. A wasu sababbin unguwanni akwai ƙananan kamfanoni masu zaman kansu. Sunan naku yana saman takardar da aka jefo, yana kuma jikin shingen robar da aka zagaye ramin da shi. Kada sunan da ke jikin motar ma'aikatan ya ruɗe ki, sau da yawa 'yan kwangila ne, amma alhaki yana kan wanda ya ba su aikin. Ayalan ta Arewa kuwa tsarinta daban ne, abin da zan faɗa bai shafe ta ba.

Aikin da suke yi ba na ganin dama ba ne. Tsofaffin bututun ƙarfen da aka binne tun zamanin kakanni suna tsagewa ba zato, gas ya bi ƙasa ya taru a ƙarƙashin gida. A watan Disambar 1999 haka ta faru a Larkhall da ke Sikotland, gida ya tashi da mutum huɗu 'yan gida ɗaya, kuma a 2005 kotu ta ci Transco, kamfanin bututun gas na wancan lokacin, tarar fam miliyan 15. Tun 2002 hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta ɗora wa kamfanonin sauya bututun ƙarfen da ke tsakanin mita 30 da gine-gine, cikin shekara 30, wato zuwa 2032. Shi ne wannan bututun roba ruwan ɗorawa da kike gani a naɗe a bakin titi, wanda galibi ake zura shi cikin tsohon. In ƙaramin bututun da ya shigo gidanku ma na ƙarfe ne, dole a sauya shi, dole a yanke muku gas. Hana su shiga ba ya haifar da komai sai zama babu gas, domin ranar da aka kashe tsohon bututun duk gidan da ba a haɗa da sabon ba ya rasa.

To, yanzu haƙƙinki. Akwai dokar ƙa'idojin aiki ta 2005 wadda Ofgem, hukumar da ke kula da kamfanonin gas da lantarki, ke sa ido a kanta, aka kuma ƙara mata ƙarfi daga 1 ga Afrilun 2021. Kuɗaɗen da zan ambata na 2021 ne. Ana ɗaga su daidai da tsadar rayuwa, don haka abin da za ki samu yanzu ya ɗan ɗara haka.

Abu na farko, sanarwa. In aikin shiryayye ne, wajibi ne a sanar da ku ranar da za a yanke da dalilin yankewar, aƙalla ranakun aiki 7 kafin lokacin. Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba sa cikin lissafi. Daga Alhamis zuwa Litinin ko rabin haka bai kai ba, diyyar kuwa fam 40 ce. Sai dai kafin ki ɗaga murya, ki binciki tarin takardun da ke bayan ƙofa. Yawanci wasiƙa biyu ake aikowa, ta farko makonni kafin aikin, kuma ba ta ɗauke da sunan kowa, "mazaunin gida" kawai ake rubutawa. Mutanenmu da yawa suna haɗa ta da tallan fiza su zuba a shara. Na taɓa zama a falon wani bawan Allah yana rantsuwa ba a aiko masa komai ba, sai ga 'yarsa ta fito da wasiƙar, ta yi zane da kala a bayanta. In kin duba ba ki gani ba, ki ce su nuna miki ranar da suka aika.

Abu na biyu shi ne wanda mutane suka fi ji, suka kuma fi fahimta a karkace: fam 60 a kan kowane awa 24 da aka yi babu gas. Gaskiya ne akwai wannan, kuma tun 2021 an cire rufin fam 1,000 da ake tsayawa a kai. Amma an tanade shi ne don lokacin da gas ya yanke saboda lalacewa ko fashewa a bututun kamfanin, suka kuma kasa dawo da shi cikin awa 24. Misalinsa abin da ya faru a Stannington da ke Shafil a farkon Disambar 2022, inda bututun ruwa ya fashe, ruwa ya cika bututun gas, gidaje wajen 2,000 suka rasa gas cikin tsananin sanyi, wasu har kusan mako biyu. Can ba gardama, matsalar a titi take, kuma sai da aka ninka wa mutane diyyar. Naki lamarin daban ne. In har gas ya iso makunnin nan da yammacin Litinin, to a lissafinsu sun dawo da shi, agogon diyya ya tsaya, ko da ke ba ki dafa ko ruwan shayi ba. Na san da ciwo, amma gara ki ji daga bakina kafin ki ɓata kwanaki kina neman kuɗin da ba za su zo ta wannan hanyar ba.

Abin da zai iya juya maganar shi ne gano inda yoyon yake, da wanda ya jawo shi. Bari in nuna miki abin da ma'aikacin ya yi, don ki san abin da za ki tambaya. A jikin mita akwai wani ɗan ƙaramin noti. Yakan kwance shi ya jona ma'aunin matsi, ko na ruwa mai kama da lanƙwasasshen bututun gilashi, ko na lantarki. Sai ya bar gas ya shiga har matsin ya kai miliba 20 ko 21, ya rufe makunni, ya jira minti ɗaya abin ya natsu, sannan ya zuba wa ma'aunin ido minti biyu cur. In ruwan ya tsaya cak, bututun gidan lafiya lau. In yana sauka, gas na fita ta wani wuri. Adadin da ya sauka yakan rubuta shi. Doka ba ta ba shi damar buɗe gas ga gidan da ya san yana yoyo ba, don haka toshewar da ya yi daidai ce, ko ni ne haka zan yi. Ki duba takardar da ya bari, za ki ga an yi alama a ɗaya daga cikin biyu: Immediately Dangerous, wato haɗari a take, ko At Risk, wato akwai yiwuwar haɗari.

Yoyon da ake samu a irin wannan rana iri biyu ne. Mafi yawa tsoho ne, ya shekara yana fitar da kaɗan-kaɗan ƙarƙashin katakon daɓe ko bayan murhu, ba wanda ya ji wari, sai da aka zo gwaji asirinsa ya tonu. Wannan na mai gida ne, ba ja. Amma akwai wanda aikin ne ya haifar da shi. In sun matsar da mitar daga ƙarƙashin bene zuwa waje suka ja sabon bututun jan ƙarfe don haɗawa da na gidan, kowace mahaɗa a wannan sabon bututun aikinsu ce. In sun girgiza tsohon bututu wajen cire mita har mahaɗar kusa da ita ta saki, nan ma da bakin magana. Don haka ki kira lambar da ke kan takardar ki yi tambaya uku: an yi gwaji da safe kafin a yanke, kuma me ya nuna? Nawa matsin ya sauka da yamma? An taɓa mitar ko an sauya mata wuri? In gwajin safe ya nuna lafiya, na yamma ya nuna yoyo, kin ga ruwa ba ya tsami banza. A nan sai ki nemi su dawo su gyara da kuɗinsu, ki kuma nemi diyyar kwanakin a rubuce.

Sai mai gidanku. Maganarsa ta "waɗanda suka ɓata su gyara" ba ta da gindi a doka. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora masa kula da bututun gas da na ruwa da wayoyin lantarki, da na'urorin ɗumama gida da na ruwan zafi. Ko da a ƙarshe ta tabbata ma'aikatan ne suka ɓata, tsakaninsa da su ne ya bi kuɗinsa. Ba zai bar ku cikin sanyi yana jiran a gama shari'ar wane ne mai laifi ba. Abin da ya wajaba a kansa yau shi ne ya turo injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda doka ta yarda su yi aikin gas, ya nemo yoyon, ya gyara, ya sake gwaji, ya buɗe. Galibi aikin yini ɗaya ne, wani lokaci ma awa biyu. Ki rubuta masa saƙo, kada ki tsaya a kiran waya: ranar da aka toshe, hoton takardar gargaɗin, shekarun yaran, da cewa kina son injiniya cikin awa 24, da hita ta lantarki kafin nan. Ki kuma tambaye shi takardar binciken gas ta baya-bayan nan. Dokar kariyar gas ta 1998 ta wajabta masa sa a duba kayan gas na gidan kowane wata 12, ya ba ku kwafi cikin kwana 28. Sau da yawa da an ambaci wannan takarda sai ka ga mai gida ya sauko, musamman in ya san bai yi ba.

In ya yi kunnen uwar shegu, ki kira sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku. Dokar gidaje ta 2004 ta lissafa tsananin sanyi cikin haɗurran da za su iya tilasta wa mai gida ya kawar. Abu ɗaya nake roƙonki: kada maigidanki ya ce zai riƙe kuɗin haya don huce haushi. Da kun yi haka kun miƙa masa sandar da zai doke ku da ita, maganar ta tashi daga gyaran bututu ta koma bashin haya. Ƙungiyar Shelter da ofishin Citizens Advice suna ba da shawara kyauta a kan wannan.

Akwai wata rajista da nake jin haushin yadda mutanenmu ba su san ta ba, sunanta Priority Services Register, wato rajistar gidajen da ake ba kulawa ta musamman in gas ko wuta ta yanke. Kyauta ce, kuma kun daɗe da cancanta, domin gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5 yana ciki. Haka mai ciki, da tsoho, da mai naƙasa, da mai ciwon da ya daɗe, har da wanda Turanci ke ba shi wahala. Wanda ke cikinta, in aka yanke masa gas, dole a kawo masa abin ɗumama ɗaki da abin girki na lantarki cikin awa 4, ko awa 8 in gidajen da abin ya shafa sun haura 250. In ba a kawo ba, fam 50. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ki shiga yau ɗin nan ta wajen kamfanin da kike biya. Kuma ko ba ki cikin rajistar, ki je wurin shugaban ma'aikatan da ke layinku ki ce akwai ƙaramin yaro a gidan. Yawancinsu suna da hita da ɗan murhun lantarki a bayan mota, kuma ba kasafai suke hanawa ba.

Yanzu maganar da ta fi duk kuɗin nan muhimmanci a wurina. Kada a kunna gawayi a cikin gidan. Na san yadda muka taso, in hunturu ya kankama a Kano ko Zariya ko Damagaram sai a jawo kaskon wuta ɗaki, a kuma ɗora tukunya a kurfoti. Can ɗakunan suna da kafofin da iska ke shiga, kuma duk da haka ana rasa rayuka. Gidan Ingila kuwa a toshe yake ruf, taga gilashi biyu, ƙofa da roba a gefe. Iskar kabon monoksaid da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai take fara sawa, da jiri, da tashin zuciya, sai barci, kuma yaro ƙarami take fara kayarwa. Abin gashin nama na lambu, da ɗan murhun zango mai ƙaramar tukunyar gas, duk hukuncinsu ɗaya, ba a shigo da su. Kuma kada a kira wani ɗan gari "da ya iya" ya cire toshiyar da dare. Laifi ne a doka wanda ba shi da rajista ya karɓi aikin bututun gas, laifi ne kuma a yi amfani da abin da aka san an ce yana da haɗari. Duk wanda zai yi aikin ki ce ya nuna katinsa na Gas Safe, ki juya bayansa ki ga irin ayyukan da aka yarda ya yi. In kin ji warin gas a kowane lokaci, ki buɗe tagogi, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki fita waje ki kira 0800 111 999. Kyauta ne, dare da rana.

Dandamalin da suka fasa mai sauƙi ne. Bayan sun kammala aikin a harabar gida suna da ranakun aiki 5 su mayar da wurin yadda ya dace, ranaku 3 in kuna cikin rajistar nan. In suka wuce, fam 100, da wani fam 100 a kan kowane zango makamancinsa da ya biyo baya. Ki ɗauki hoto yau. Kada dai ki sa rai sabon siminti zai yi kala ɗaya da tsoho, facin zai fito, kuma a kan wannan ba kasafai ake cin nasara ba.

Akwai abubuwan da waɗannan ƙa'idojin ba su biya: yinin da maigidanki ya rasa a wurin aiki yana jiran ma'aikata, abincin da kuka saya a waje, da wutar da hita ta sha. Hita mai kilowat 2 in ta yi awa 6 ta cinye yunit 12, ki duba farashin yunit a bil ɗinki ki ga abin da ya kama a kwana uku. Ki ajiye rasit duk da haka. Karɓar diyyar ƙa'ida ba ya toshe miki neman asarar da ta fi ta, kuma kamfanonin sukan ba da wani abu na kyautatawa ga wanda ya zo da lissafi a rubuce. In laifin ya faɗa kan mai gida saboda jan ƙafa, shi za ki miƙa wa lissafin, ki nemi ragin haya na kwanakin. Ki sani kuma kuɗin ranar da ake cira ko an yi amfani da gas ko ba a yi ba yana ci gaba da tafiya. In mitarku ta kati ce, zai taru ya zama bashi, ya cinye wani abu daga kuɗin da za ki fara sakawa.

Ƙa'ida ita ce diyyar ta zo da kanta ba sai an nema ba, cikin ranakun aiki 10, ko kai tsaye ko ta asusun gas ɗinku, kuma in aka makara akwai ƙarin fam 40. Wanda sunansa ke kan bil shi ake biya, don haka in kuɗin gas yana cikin kuɗin haya, hannun mai gida za ta faɗa. Ni dai ban taɓa ba kowa shawarar ya zauna jira ba. Ki aika ƙorafi a rubuce ga kamfanin bututun, ki sa ranar da takarda ta iso, da ƙarfe nawa aka yanke, da ƙarfe nawa aka toshe, ki nemi lambar ƙorafi. Suna da ranakun aiki 5 su ba ki amsa mai ma'ana, ko 10 in sai sun zo sun duba. In mako 8 ya wuce ba a daidaita ba, ko suka rubuto cewa sun kai ƙarshen abin da za su yi, sai ki kai wa Energy Ombudsman, ofishin da ke sasanta ƙorafi tsakanin jama'a da kamfanonin gas da lantarki. Ba a biyan ko kwabo, kuma in kin amince da hukuncinsa ya zama dole a kan kamfanin.

Ranar da injiniyan mai gida ya zo, ki tsaya a kansa. In ya gano yoyon, ki ce ya nuna miki wurin da yatsa, ki ɗauki hoto kafin ya kwance, ya kuma rubuta a takardarsa ko tsohuwar mahaɗa ce ko sabuwa. In ya yanke guntun bututun, kada ya tafi da shi, ki sa a leda ki ajiye.